Daddawar Inna a Kan Dutsen Hada

Da zan dawo Jidda daga hutu, Inna ta damƙa mini wani ƙulli a tsohon zanen atamfa. Daddawa ce. Ita da kanta ta dafa kalwar, ta surfe, ta rufe ta kwana uku, ta kirɓa, duk da ciwon gwiwar da ke hana ta sakat. Ta ce ban da leda, leda tana sa ta gumi. "Ki kai wa Kawunki hannu da hannu. Amana ce."

Kawu wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya samu keken ɗinki a unguwar Kurayyat ta Jidda, ya zauna. Tsufa ya kawo masa ciwon ƙirji, zafin Jidda ya fi ƙarfinsa, sai babban ɗansa ya mayar da shi wani ɗan gidan hutu da suke da shi a duwatsun wajen Ɗa'if. Istiraha suke ce masa. Wannan ɗan nasa, haifaffen Jidda, wanda nake kira Yaya, shi ya zo da matarsa ya ɗauke ni a unguwarmu, Madain Fahad, ranar wata Asabar da sassafe.

Ba mu bar gari ba matar ta fara yatsina. Ta leƙo baya tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Esh hada? Mene ne wannan? Ya ukhti, 'yar'uwa, wani abu ya mutu a jakarki."

Na ce daddawa ce, ta miya, saƙon Inna. Yaya ya ce ya san sunan, Baba yana faɗa, amma wannan kam kharban ce, ta lalace. Na ce haka ƙanshinta yake. Suka kalli juna. Aka tsaya, aka mayar da ƙullin bayan mota, matar ta dinga fesa turare har ya tsaya mini a maƙogwaro. Ga hanyar dutsen Hada, mai zuwa Ɗa'if, sai lanƙwasa take tana hawa, ga sanyin mota, ga turare. Na runtse ido ina salati.

A wani ƙauye na saman dutse muka tsaya. Gaskiya wurin yana da kyau: gidajen dutse, lambunan fure, hazo yana ratsa mutum, tsofaffi sun jera rumman da inabi da zuma a bakin hanya. Sai dai ƙasa da titin kaɗan, abin da na gani ya ɓata mini komai. Masu zuwa shan iska sun juye ragowar shinkafa da nama a kan duwatsu, da ƙasusuwa, da ƙunzugun jarirai. Gwaggon birai sun cika wurin, manya da jan gindi, suna tonon juji suna faɗa, mutane kuma suna jefa musu burodi suna ɗaukar hoto suna dariya. Abincin da a garinmu zai ishi gida uku, ƙudaje ke binsa. Na tofar da yawu na wuce masallacin ƙauyen don in kama ruwa.

Da na dawo, motar a buɗe take ta ko'ina. Yaya yana goge bayanta da takarda.

"Halas, shi ke nan, na hutar da ke, na jefar da ƙullin," in ji shi, yana murmushi kamar wanda ya yi mini alheri. "Ƙirjin Baba ba zai ɗauki ruɓaɓɓen abu ba. Za mu saya masa zuma. Yalla, mu tafi."

Na juya. Wani ƙaton biri yana zaune a kan dutse, atamfar Inna a cinyarsa. Ya ɓantari daddawar, ya tauna, ya furzar, ya watsa sauran cikin juji. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na jefe shi, na bi da dutse, ina zagi da Hausar da ban taɓa yi a ƙasar mutane ba. Ya saki zanen ya haye sama. Na ɗauko shi da yatsu biyu, jiƙe da yawun biri, da miyar wasu a jikinsa. Tsigar jikina ta tashi. Amma na fi jin ƙyamar mutanen da zan koma motarsu.

Muka kama hanya. Sun zaga da ni wasu ƙauyuka biyu suna nuna mini gonakin fure, ni ko ɗaga kai ban yi ba.

Kawu yana zaune a tsakar istirahar cikin bargo. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "'Yata, ina saƙon ƙanwata? Tun watan jiya ta ce mini yana hanya. Na sa an nemo mini kuka."

Niyyata in wanke zanen tukuna. Na rasa bakin ƙarya, na faɗa masa yadda aka yi. Yaya ya fara bayani da Larabci, Kawu bai ko kalle shi ba. Ya miƙo hannu.

"Kawu, biri ya taɓa shi. Da ƙazanta."

"Ba ni."

Ya warware zanen, ya nemo tsakiya inda maiƙon daddawar ya kama, ya kai hancinsa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, gemunsa a jiƙe yake. Ya ce, "Haka ɗakin uwarmu yake."

Matar Yaya ta fito da kaskon turaren wuta za ta zagaya da shi. Kawu ya ɗaga mata hannu, ta koma. Aka kawo babban faranti na shinkafa da rago, daga ni har shi ba wanda ya sa hannu.

Da la'asar wayata ta yi ƙara, Inna ce. Na san abin da za ta tambaya: ko miyar ta yi masa daɗi. Na nuna wa Kawu wayar. Ya girgiza kai, ya ninke zanen a hankali, ya cusa cikin rigarsa wajen ƙirjin da aka ce ba zai ɗauka ba. Muka zauna muna kallon wayar har ta katse.