Filashar Kawu

Shekara huɗu na yi ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Gadarif, garin da Larabci ne harshen yau da kullum. Ni na kafa dokar cewa kada kowa ya soka filashar waje a na'urorinmu, ni na buga ta da Larabci na manna a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Har faɗa na taɓa yi da wata nas a kanta.

Wata Talata da hantsi, lokacin yankan riɗi, kawuna ya zo daga Hawata. Ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na zauna ina sakandare. Ya zaro filasha daga aljihun jallabiyarsa.

"Ɗana, takardun makarantar ƙanwarka ne a ciki. Shagon kasuwa ba wuta. Buga mini, mota na jira."

Na san inda filashar nan ta shiga, kowane shagon buga takardu daga Hawata zuwa nan. Amma na kalli furfurarsa, kunya ta kama ni. Firintar ofishina ta lalace, sai na kai shi ɗakin gwaji. Na soka filashar a kwamfutar ɗakin, takarda uku na buga masa, ya sa mini albarka ya tafi.

Washegari mai gwajin jini ta kira ni. Fayiloli sun ƙi buɗewa, sunayensu sun koma wasu haruffa marasa ma'ana. Kafin azahar cutar da filashar ta shigo da ita ta kai kwamfutar rajista da ta ɗakin magani. Na ɗauko faifan da nake ajiye kwafi a ciki, alhali na san rabona da kwafa tun farkon damina. Kullum sai in ce gobe.

Babbar likitarmu ta tambaye ni abin da ya faru. Na ce wataƙila ɗaukewar wutar nan ce da ta yi yawa. Ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

Muka koma takarda da biro. A ranar wata mata ta dawo karɓar sakamako. Aikin girbi take yi a gonakin Fashaga, ta yi makonni da zazzaɓi, cikinta ya kumbura. Aka ce mata sakamakon ya ɓace, sai an sake ɗibar jini. Ina tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu. Ta juyo ta yi mini Hausa, ta ga alama ni nasu ne.

"Ɗan'uwana, ka roƙa mini su. Babbar motar da ta kawo mu yanzu za ta koma. In ta tafi ban san ranar da zan samu wata ba."

"Malesh, yi haƙuri, yaya," na ce. Abin da na iya faɗa kenan.

An ɗibi jinin, ta bi motar. Sakamako ya fito da yamma, kala-azar ce, cutar da ke kisa in ba a fara magani da wuri ba. Lambar wayar da ta bari tana cikin rajistar da ta kulle, a sabuwar takardar kuma ba wanda ya tuna ya tambaye ta lambar. Sai bayan kwana goma sha ɗaya mijinta ya kawo ta, ba ta iya tsayuwa.

Ranar na shiga ofishin babbar likita na faɗa mata komai, har da kwafin da ban yi ba. 

"Da ka faɗa tun ranar, da mun san girman abin," ta ce. "Je ka gyara."

Ba ta kore ni ba. Na goge na'urorin, na toshe ramukan filasha, duk Alhamis ina kwafa a gabanta. Wata biyu muna sake shigar da bayanan marasa lafiya daga tsofaffin katuna, wasu ba su dawo ba har yau.

Matar ta warke bayan doguwar jinya. Ranar da aka sallame ta, ta gan ni a baranda, ta tsaya ta yi mini godiya don na yi mata magana da Hausa. Na amsa, na raka su har bakin titi, ban gaya mata ba.