Ɗan Farin da Ban Rubuta Ba

Kakata Iya Mairo ba ta ba da tatsuniya kyauta. Idan an kwashe gyaɗa a Kibiya, sanyi ya fara shigowa, da an idar da magariba za ta hura wuta da karan dawa a tsakar gida, ta turo mana masaki cike da gyaɗa, ta ce wanda hannunsa bai ɓare ba kunnensa ba zai ji ba. Mu jikoki mu kewaye ta. Ni ke zama dab da ita don ni ne mijin, ko da yake kullum sai ta yi mini gori cewa ko ɓarin goro ban taɓa kawo mata ba.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta.

"Ta zauna mu ji ta," mu amsa.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Hankaka da Kurciya. Wai an yi yunwa a wani gari, sarki ya ce zai buɗe rumbunsa a auna wa kowane rai mudu guda. Sai ya aiki tsuntsayen biyu su ƙirgo masa mutane. Hankaka ya bi katanga katanga lokacin rabon tuwo, duk sunan da ya ji uwa ta kira sai ya tsinci tsakuwa ɗaya. Kafin gari ya waye ya gama, ya zo fada yana ta ɓaɓatu. Kurciya kuwa kwana uku ta yi a wurin wanke-wanke tana ƙirga akushi, kuma a kowane gida sai ta samu akushi ɗaya ya ɗara lissafin Hankaka. Sarki ya bi na Hankaka, don shi ya riga zuwa kuma shi ya fi murya. Ranar rabo aka wayi gari da yara tsaye a ƙofar fada, ɗaya daga kowane gida, babu mudunsu.

"Su wane ne, Iya?"

"'Ya'yan fari mana, shashashan miji. Wace uwa ka taɓa ji ta kira ɗan farinta da suna? Sai dai ta ce kai, ko wancan. Kunya ta hana baki, amma akushinsa ya fi na kowa cika."

Sarki ya sa aka sake awo, aka watsa wa Hankaka gari a ƙirji don kowa ya gane shi, shi ya sa har yau ƙirjinsa fari. Iya ta karkaɗe zaninta ta ce ta ƙare, wanda ya yi gyangyaɗi gobe shi ne da ɗebo ruwa.

Da na shiga sakandare a Rano sai ƙwaƙwar tarihi ta kama ni. Wani hutu na zo bakin wutar da littafin rubutu, na ce ta jero mini kakanninmu da 'ya'yanta. Ta jero kakanni bakwai ba gargada. Da ta zo kan 'ya'yanta ta faɗi biyar, mahaifina ne auta, sannan ta ce, "Waɗanda bakina zai ɗauka ke nan." Na rubuta biyar na rufe littafi ina jin kaina malami.

Shekaru suka ja, Iya ta rasu, mahaifina ya bi ta, ni kuma na zama ɗan jarida a Kano. Bayan mulki ya dawo hannun farar hula aka shiga yayin littattafan tarihi, kowane gari da kowace zuriya suna son ganin kansu a takarda. Na ce gidanmu ba za a bar shi baya ba. Na zaro tsohon littafina na makaranta, na haɗa da abin da na tattaro a Rurum da Rano, na kai maɗaba'a. Baffa Isa, wan mahaifina da ya rage, yana Kibiya idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Ban tambaye shi komai ba. Na ce ai ni daga bakin mai 'ya'yan na ji.

Wata huɗu da fitowar littafin Yaya Delu ta Tarai ta sauka daga acaɓa a ƙofar gidana. Tun muna yara take zuwa gaida Iya duk Sallah, ni dai na ɗauke ta 'yar'uwa ce ta nesa. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

"Habibu, ni 'yar wace ce a littafinka?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ubana Garba shi ne ɗan farin Iya. Ana yaye shi aka kai shi riƙo Rurum, can ya girma, can ya rasu ina goye. Yanzu Sani ɗana yana neman aure a Fammar. Kawun yarinyar ya buɗe littafinka gaban mutane ya ce bai ga inda muka fito ba. Sun ce a dakata."

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Ni da nake koya wa sababbin ma'aikata cewa ba a buga labari da baki ɗaya, ni ne na goge mutum daga gidan ubansa, kuma tatsuniyar tana cikin kaina tun ina ɗan shekara takwas.

Washegari na ɗauki Baffa Isa muka tafi Fammar. A zauren Alhajin, kawun yarinyar, na ce ni na rubuta littafin, ni na yi kuskuren. Baffa ya jero zuriyar tun daga sama, ya sa Garba a gaban kowa. Alhaji ya ce, "To, Malam, ashe takarda ma tana mantuwa." Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren. Na sake buga shafin, na bi gida gida da gam ina liƙawa a duk kwafin da na iya cimma.

Na daɗe ina ɗaukar darasin Iya a kan gaggawa ne, ashe ya wuce nan. Mutanenmu sau da yawa wanda suka fi so shi ne ba sa ambata, kuma mai rubutun da bai san haka ba zai yi ƙarya ko da bai ƙara kalma ɗaya ba. Tun daga lokacin ba na tashi daga hira sai na nemi wani na gefe na tambaye shi wa aka tsallake.

Kwafin farko da na gyara Tarai na kai shi. Yaya Delu ba ta karatun boko. Ta goge hannunta a zani, ta ce in ɗora mata yatsa a kan sunan ubanta. Na ɗora. Aka kira la'asar, na tafi masallaci na dawo, na same ta zaune inda na bar ta, yatsan yana wurin.