Ranar da Zulai ta Fitar da Butar Surukinta

A unguwarmu da ke bayan kasuwar Ikara, kowa ya san Zulai mai ƙuli-ƙuli. A gidan bene mai koren rufi take zaune, gidan da ya fi kowane gida tsada a layin, amma ɗakunanta can ƙurya suke, kusa da madafa. Gidan na surukinta ne, Alhaji Ashafa, wanda ya yi arziki da fataucin masara da rake. Daga Nasarawan Doya aka kawo ta, amaryar ɗansa Ukasha. Da Ukasha ya rasu ya bar mata 'yan mata biyu, Khairiyya da Lubna, Alhaji ya aika mata cewa ta zauna ta riƙe masa jikokinsa. Ta zauna.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta ji takunsa a tsakar gida, sai ta durƙusa inda take, kai a ƙasa, har ya wuce. Gaisuwa ma ta bayan labule suke yi.

Bara hawan jini ya kayar da Alhaji, ya tashi yana jan ƙafa. Sai ya kira liman. Ya san tunda babban ɗansa Safiyanu yana raye, 'ya'yan Ukasha ba su da gado. Gonaki da shaguna sun ishi magada. Wannan gidan yake so ya ba marayun. Liman ya ce kyautar gida ba ta tabbata da baki kawai. Ya ce dole sai Alhaji ya kwashe kayansa ya fita, uwar yaran ta karɓa a madadinsu gaban shaidu, tun yana kan ƙafafunsa. In ciwon ajali ya same shi a ciki, gidan ya faɗa cikin rabon gado.

Da aka kai mata wannan magana, Zulai ta ajiye ludayin tuya ta ce Allah ya kiyaye ta. Ita ta fitar da surukinta daga gidan da ya gina? Da wane ido za ta dubi mutanen garinsu?

Safiyanu bai yi faɗa ba. Yakan leƙo madafa ya ɗauki ƙuli yana tauna, yana yaba hankalinta.

"Amarya, mene ne na gaggawa? Bari Baba ya ƙara jin sauƙi. Ke ai 'yar mutunci ce."

Amma a wannan watan ya kawo wani baƙo daga Zariya, suka zagaya gidan, baƙon yana ƙwanƙwasa bango yana tambayar faɗin fili. Alhaji kuma ya fara yin salla a zaune. Zulai ta daina cin abinci sosai. Tuyarta ta riƙa ƙonewa.

Alhaji ne ya gaji da jira. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ya sa aka loda kayansa a mota, zai koma tsohon gidan mahaifinsa a Furana. Liman da shaidu suka tsaya a ƙofa. Aka kira Zulai, ta zo ta durƙusa a bayan ƙyaure.

Sai Safiyanu ya ce an bar darduma da butar Baba a sama, da 'yan kayan sawa, ai Baba zai riƙa zuwa yana kwana. Liman ya dubi ƙyauren kawai. Zulai ta gane: in kayan nan suka kwana, gobe za a ce Alhaji bai taɓa tashi ba.

Ta miƙe. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa hawa benen ba. Muna jin takunta a kan matakala, a hankali, har ta tsaya a tsakiya kamar za ta juyo. Can ta sauko, darduma da kayan a kafaɗa, buta a hannu, ta bi ta tsakiyar maza har jikin motar. Ragowar ruwan butar yana zuba a ƙafarta.

"Baba, ga kayanka. Na karɓa wa yaran."

Alhaji ya miƙa mata makullai, ya ce, "Ashe haka muryarki take in babu labule."

Safiyanu ya hau babur ɗinsa bai yi wa kowa sallama ba.

Da damina Alhaji ya rasu a Furana. Aka raba gonaki da shaguna, ba a sa gidan a ciki ba. Akwai matan da har yau ba sa sayen ƙulin Zulai, suna kiranta mai korar suruki, kuma tana ji. Khairiyya da Lubna a sama suke kwana yanzu. Ita tana nan ɗakinta na kusa da madafa.