Tsuntsun da Ke Cewa Kul

Alhaji Mahmudu mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba mai son dabbobi ba ne, kada wani ya ce na ce. Shekara goma sha huɗu na yi ina aiki a ƙarƙashinsa a warsharsa, wato shagon gyaransa na unguwar Jurf, ban taɓa ganin ya jefa wa kyanwa ko ƙashi ba. A Madina aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji, bai koma ba. Hausar Alhaji tana nan, amma ta sha Larabci ta ƙoshi. In ya ɗauko magana da "wallahi mutumin nan" sai ya dire ta da "ma yifham". Ni kuwa Rilwanu nake, mutumin Gusau, iƙama ce, takardar izinin zama, ta zaunar da ni a garin nan.

Tsattsewar da suka cika masa gida ma ba shi ya gayyato su ba. Bututun mukayyif ɗin falonsa ne ke ɗigar da ruwa a gindin katangar tsakar gida, shi kuma yana can yana gyaran na mutane, nasa ko oho. Wurin ya zama ɗan taɓo. A garin da ƙasa ke bushewa ƙayau, taɓo babban abu ne ga tsattsewa, don da shi take gina sheƙa. Biyu suka fara zuwa, suka manna tasu a ƙarƙashin rumfar mota. Shekara ta zagayo sheƙa ta zama huɗu. Ran da ya ɗauko kayan aiki zai ɗaure bututun, matarsa Hajiya Ƙaltume ta tare shi ta ce ya bar wa baƙinta ruwansu. Ita 'yar Damagaram ce, amarya aka kawo ta, Hausarta ba gauraye. Ya mayar da kayan cikin mota. Cikin shekara tara sheƙa ta kai goma sha tara, jere reras.

Akwai kuma wani tsuntsu da mutanen nan ke kira mina. Girmansa kamar na kurciya, ruwan ƙasa ne, baki da ƙafafu rawaya, ga shi da surutun tsiya. Duk abin da ya ji sai ya kwaikwaya: ƙarar ƙofar gareji, kiran jawwal, wato wayar hannu, har da tarin maƙwabci. Shi da matarsa suka yi gida cikin kwankon wani tsohon mukayyif, a tarin kwankwayen da Alhaji ya jibge a gefen rumfa yana cewa za su yi amfani wata rana.

Zaman nasu bai taɓa damun kowa ba. Tsattsewa a sama take kiwo, tana cafke ƙwari a iska. Mina a ƙasa yake tsince-tsincensa, shinkafar da ta zube, dabinon da ya faɗo. Wannan taɓo take so, wancan rami yake so. Ba abota ce ba, ban taɓa ganin sun gaisa ba. Kowa dai da harkarsa, gida ɗaya.

Hajiya ta rasu shekara uku ke nan. Wata bakwai bayan haka Alhaji ya miƙa warsha ga wani ɗan'uwansa, ya koma gida ya zauna. Mutumin da shekara arba'in bai taɓa ganin tsakar gidansa da hantsi ba, sai ga shi a kujera tun bayan asuba yana kallon rumfa. Da bakinsa ya gaya mini, sheƙun nan su ne abin da ya rage masa na Hajiya, in suka watse shi ke nan.

Da sanyi ya wuce tsattsewa suka yi ƙwai, sai ya fara tsintar fasassun ƙwai a ƙasa. Ɗaya yau, ɗaya bayan kwana uku. Ya sa ido. Ashe wata kyanwar unguwa ce, baƙa mai yankakken kunne, take hawa tarin kwankwaye ta miƙa hannu. Kuma duk lokacin da ta doso, mina yana kan katanga yana ta ihu.

Ran nan Alhaji ya kira ni a waya, ransa a ɓace.

"Ya Rilwan, tsuntsun nan mujrim ne. Shi ke kiran bissa."

Na ce, "Alhaji, tsuntsu ya kira kyanwa?"

"Wallahil azim! Da kunnena na ji. Yana gaya mata ta ci. Ta'al, zo ka raba ni da shi."

Ni ba na gardama da maigida, ban koya ba. Na ɗauka tsufa ne da kaɗaici. Muka kafa kwando da dabino a ƙarƙashi, kwana biyu mina ya faɗa. Na sa shi a kwali, na rufe da tawul, na tuƙa har bayan dutsen Uhudu, can wajen gonakin dabino, na buɗe masa. Tun daga gida har can tsuntsun nan bai ce uffan ba. Ya tashi fir, ko waiwaye. Matarsa ta yi kwana uku tana zagaya katanga, ita ma ta ɓace.

To, daga nan ne fa aka ga ɓarna. Da, in mina ya yi ihu, tsattsewa duk sai su fito su yi ta kai wa kyanwar sura a ka har ta diro ta gudu, abin da take samu bai wuce ƙwai ɗaya ba. Yanzu babu mai ihu. Cikin mako biyu ta zubar da sheƙa bakwai. Hankaka ma da bai taɓa sauka a gidan ba ya gano hanya. Alhaji ya kwashe kwankwayen, ya sayo raga, ya yi jifa har kafaɗarsa ta riƙe. Ina! Tsattsewar da suka rage suka kama tafiya biyu-biyu.

Wata Juma'a na je gaishe shi bayan la'asar. 'Yarsa Sundus tana nan, malamar makaranta ce a Ƙurban, ta kawo masa abinci. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Na tarar sheƙa huɗu ce kawai da rai. Bakina ya ƙi zama, na ce, "Alhaji, anya ba mu kori mai gadi mun bar ɓarawo ba?"

Ya fusata. Ya ce yana da hujja. Ya zaro jawwal ɗinsa, ya nemo wani ɗan bidiyo da ya ɗauka kafin mu kama tsuntsun, ya tura mini a fuska. "Isma! Ji da kunnenka."

Ga kyanwa a kan kwanko, ga mina a katanga ya buɗe baki: "Kul! Kul! Kul!"

"Ka ji?" in ji Alhaji. "Kul. Ci, ci, ci. Ba Larabci kake ji ba?"

Na kwashe da dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Haba Alhaji! Wannan ai ba kul ɗin Larabawa ba ne. Namu ne. Kul, kada ki kuskura! Korar ta yake yi." Ina cikin dariyar sai na gane muryar. Siririya ce, da ɗan karkarwa a ƙarshe. An taɓa yi mini wannan tsawar a wannan tsakar gida, ran da na shigo da kwampreso a kafaɗa na kusa taka kuɓewar da aka shanya.

Sundus ta riga ni. Ta ajiye farantin da ke hannunta ta ce, "Hada sot ummi." Muryar uwarta ce. Ta ce kullum da hantsi, bayan ya fita warsha, Hajiya takan zauna a nan tana tsince shinkafa, tana watsa wa mina tsakuwar da ta haɗu da ƙwaya, in kyanwa ta leƙo ta daka mata kul. Da wannan kalmar ta raine su duka. Sai ta juya ga uban, a karo na farko da na ji ta yi Hausa, ta ce, "Baba, ba ka sani ba?"

Bai sani ba. Ta ina zai sani? Shi ba ya gida da hantsi, kuma shekara arba'in Hajiya ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Kalmar ya san ta, ya ji ta a bakin kakarsa yana ƙarami, amma kunnensa Larabci ya fara kawo masa. Ya sake kunna bidiyon. Daƙiƙa tara ne. Uku na farko muryarta ce, sauran shida tasa ce, yana zagin tsuntsun. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin kaina, tunda ni na ɗauki kwalin.

Sau huɗu na kai Alhaji gonakin bayan Uhudu neman tsuntsun. Mina a can ba iyaka, kowane kamar ɗan'uwansa. Dattijo ya tsaya a bakin hanya da farin tobinsa, doguwar rigar Larabawa, yana kasa kunne, masu gona suna kallonmu. Babu wanda ya ce kul. A na huɗu ya ce mu koma, khalas, ya isa haka.

Ya mayar da kwanko ɗaya, ya ɗaure shi can sama a katanga inda kyanwa ba za ta taka ba. Bututun yana nan yana ɗiga. Bara tsattsewa suka dawo, sheƙa shida, bana tara. Wasu mina biyu ma sun shiga kwankon, bai taɓa su ba, har shinkafa yake watsa musu. Da hantsi yana zama a kujerar Hajiya, in baƙar kyanwar ta leƙo ya daka mata kul, da ƙarfi, sau uku, yana satar kallon katanga.

Watan jiya ya kira ni ya ce sabon tsuntsun ya koya. Na ce masha Allah, ai an dace. Na je na zauna da shi har kyanwar ta zo. Mina ya buɗe baki ya ce kul, kul, da wata murya mai kauri, a shaƙe, irin ta tsohon da ya sha ƙurar mukayyif. Tsattsewa suka fito suka kori kyanwar, aiki ya yi kyau.

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Wannan ni ne, ya Rilwan. Ba ita ba ce."