Wa zai tsaya wa Nasir?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga asibiti, wai Nasir ya rasu. Korona.

Maƙwabcina ne a unguwar Cheras, ƙofarmu na kallon juna. Kun san shi, kun san ƙus-ƙus ɗin da ake yi a kansa, to bari in faɗa da bakina. A mace aka haife shi, a nan KL, babban birnin ƙasar nan, ya fara allurar testosterone ta komawa namiji a hannun likita.

A gabana jikin nan ya sauya. Kafaɗa ta buɗe, ƙugu ya zube, sai ga ɗan tumbi. Ci kuwa, Allah ya kyauta! Ina tsokanarsa, "Malam, shinkafar shagon mamak za ta ƙare a kanka." Sai ya ƙyalƙyale da dariya da sabuwar muryar nan tasa.

Ranar da lif ɗinmu ya lalace lokacin kulle, shi ya saɓa min tukunyar gas har sama. Yana haki ya ce, "Anti Bilki, da can ko ɗaga ta ba na iyawa. Yau na ji jikin nan nawa ne."

Ganinmu na ƙarshe, abinci ya yi min tapau, wato ƙunshi, ya rataye a ƙofa. Ya tsaya nesa, gemunsa na leƙowa ta ƙasan takunkumi, yana tari. Na ce ya je asibiti. Ya ce, "Boleh, ba matsala, Anti, gobe."

Ga abin da ya hana ni zama. Ma'aikatan asibiti sun yi masa taimama sun rufe shi, salla ce ta rage, kuma an yarda mutane kaɗan su zo da la'asar. Na saka sanarwa a group ɗinmu na 'yan Arewa. Kowa ya karanta. Shiru.

Haba jama'a! Mutumin da bai taɓa wuce ku bai yi sallama ba? Ban ce ku yarda da rayuwarsa ba, hisabi ba namu ba ne. Musulmi ne ya mutu a ƙasar mutane, uwarsa na Kano tana kuka a waya.

Ni mace ce, a gida ba ma bin gawa. Amma wallahi in ba wanda ya fito, ni kaɗai zan tsaya a bayan limamin.

Allah ka jiƙan Nasir, ka yi masa rahamar da muka kasa yi masa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Wanda ke kusa, ya kira ni kafin la'asar.