Hular da Malam Dabo Bai Sa Ba

Don Allah in tambaye ku, ku da kuka yi karatu: da mi ake auna mutum? Hatsi na san tiya. Yadi na san tef. To mutum fa? Tun ranar Talata nake wannan tambayar, na kasa zamna wuri guda.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Malam Dabo na Kambarawa rasuwa ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, 2025, da hantsi, a gidanshi, bayan ɗan zazzaɓin da ko ciwo ba mu ɗauke shi ba. An yi jana'izarshi bayan azahar. Ni sunana Almu, ina zanen hula a rumfar masu wankin hula ta Ƙofar Guga. A aji huɗu na tsaya, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Malam, yau Litinin. Yau ce ranar da kwamitin ƙaramar hukuma zai zamna kan maganar rumfarmu, ko a bar mu ko a tashe mu a gina shaguna. An ce wani cikinsu ya ce 'yan wankin hula ba abin da suke ƙara wa gari in ba kumfar sabulu ba. Kai ka ce za ka je ka yi mana magana. Ka ce mu kwantar da hankalinmu. To ga Litinin ta zo, kai kana Kambarawa ƙarƙashin ƙasa. In aka tashi rumfar nan ban san inda zan nufa ba, don ƙauyenmu tun da 'yan bindiga suka kore mu ba mai kwana cikinshi.

Ba na mance ranar da na fara ganinka. Sabon zuwa nake birni, ko hanyar kasuwa ban gama ganewa ba. Zakari mai wankin hula ne ya ba ni bakin benci, don ya ga ina iya zana fure da biro a kan farin yadi, wanda mata ke bi da zare. Rannan ya tafi sayen sitaci, ni kaɗai ne. Ka tsaida tsohon mashin ɗinka, muka gaisa, ka tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ka ce, "Samari, awo na zo."

Ni kuwa a rumfa awo ɗaya na sani. Na zaro tef na ce, "To Malam, cire hular."

Ka dube ni. Ka cire. Ka sunkuyo da kanka mai furfura, na zagaya tef, na ce ashirin da biyu da rabi. Daidai nan Zakari ya dawo, ya saki ledar sitaci ƙasa.

"Kai baƙauye! Halan ba ka san Malam Dabo ba? Tsohon ma'aikacin al'adu ne, sana'armu yake aunawa, ba kanshi ya kawo maka ba!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa dariya ka yi har da share ido. Ka ce, "Ƙyale shi, Zakari. Shekara da shekaru ina auna mutane, yau an rama masu." Daga ranar ba ka sake ce mani Almu ba, sai Mai Awo.

A hankali na gane aikinka, ko in ce na gane rabi. Ka yi ritaya amma ba ka zamna ba. Ka ce in manya suka tashi lissafin abin da ke riƙe da gari, suna ganin gona da shago da mota, amma ba su ganin baduku, ba su ganin mai kiɗan biki, ba su ganin matar da ke ɗinki cikin ɗaki, don ba su da allo a ƙofa. Ka ce duk abin da ba a auna ba, ranar da aka rushe shi sai a ga kamar ba a rushe komai ba. Sai dai mutanenmu ba su aunuwa. Duk wanda ka tambaya mi yake samu, sai ya ce alhamdu lillahi. Ka matsa, ya ce ana dai rufa asiri. Zakari ma cewa ya yi, "Malam, in na faɗa maka yau, gobe mai haraji ya zo yana kiran sunan kakana."

Shi ne ka canza dabara. Ka ce mani, "Mai Awo, tunda ka auna ni, sai ka yi mani hula. Amma da sharaɗi. Duk inda ta je, ƙafata ƙafarta."

Haka muka yi ta yawo, ni a bayan mashin ina riƙe da yadi. Wurin mai yadi, wurin mai zare, wurin telan da zai haɗa ta in an gama. Ko'ina ba ka tambayar kuɗi. Abu biyu kake tambaya: baki nawa ke ci daga nan, kuma in aka daina wa zai ji?

Na fi tuna gidan Inna Furera, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita ce za ta ɗinka. Muna zaure, tana daga bayan labule. Ka ce, "Mi ce sana'arki?"

Ta ce, "Ni ba ni da sana'a, Malam. Ina dai taɓa ɗinki."

"To da mi kike awon gero?"

Ta ce, "Da ɗinkin."

"In kika daina fa, wa zai ji?"

Ta ce, "In na daina sai bin gidajen dangi da kwano cikin mayafi. Kuma matan lungun nan da ke taruwa tsakar gidana da hantsi, kowa da allurarta, nan mai kuka ke kukanta, nan ake sanin wadda ba ta ɗora tukunya ba a kai mata. In ba ɗinki, da wane dalili za su fito?"

Da muka fito ba ka tada mashin ba. Ka ce, "Ka ji na biyun nan? Shi ne ba ni da ma'auninshi. Su kuma na ofis lamba suke so. In na kai masu lamba kaɗai na yi wa Furera ƙarya, in na kai masu maganarta kaɗai su ce tatsuniya na zo da ita."

Sau ɗaya ka taɓa yi mani faɗa. Na ce maka zan bar zane in tafi kudu acaɓa, tunda ga hulunan inji sun cika kasuwa da araha. Ka juyo mani da tambayarka, in na daina wa zai ji. Na ce ba kowa. Ranka ya ɓaci. Ka ce, "Kar in sake jin wannan a bakinka." Ka ɗauke ni zuwa gidanka, matarka Hajiya Ramla ta zubo mani tuwo da miyar kuɓewa, wanda rabona da irinshi tun gida. Ina ci ka ce, "Wata rana in jama'a sun taru, ka koma baya ka dubi kawuna." Na ce to. Ban gane ba, kunya ta hana in tambaya.

Ranar Talata na gane, Malam. Da gudu na iso Kambarawa, na tarar har an sallace ka an ɗauko. Na bi daga can baya. Da na ɗaga ido, ba fuskar kowa nake gani ba sai ƙeya da hula, tun daga gabana har inda titi ya karya. Na ga bugun Zakari, na san shi da ƙyallinshi. Na ga ɗinkin lungun Inna Furera. Na ga zanena a kan mutanen da ban taɓa gani ba, na shaida shi da 'yar zangarniyar geron da nake sakawa a gefe saboda gonarmu. Masu kuɗi da marasa shi, kowa ya ɗauko wadda ta fi kyau don ya raka ka. Nan kuka ya ƙwace mani. Ga baduku, ga makaɗa sun bar gangunansu gida, ga masu rini da hannuwa shuɗɗa. Da za ka tashi ka tambaya wa zai ji, da ba sai an ba ka amsa ba.

Jiya Inna Furera ta aiko mani da hularka. Ba ta ƙare ba, saura gefe guda, allura na soke a jiki da zarenta. Ta ce hannunta ya ƙi. Ta ce kuma in gaya wa Zakari ita da matan lungu za su zo yau, ko a waje ne su zamna. Takardun awon da ka rubuta don kwamiti duk Turanci ne, ba mai iya su a rumfa, ɗanka Mahmud kuma yana zaman makoki, ba zan je in ce ya taso ba. Zakari ya ce, "Kai ka bi shi lungu-lungu, kai za ka yi magana." Ni da ko gaban mai unguwa ban taɓa buɗe baki ba. 

Ya Allah Ka jiƙan Malam Dabo. Ka gafarta mashi, Ka yalwata kabarinshi, Ka sa Aljanna ce makomarshi. Ranar da za Ka auna ayyuka, Ka sa mashi har da waɗanda ba wanda ya gani, irin tuwon da ya ba baƙon da ba shi da kowa. Ina yi wa Hajiya Ramla ta'aziyya, da Mahmud da ƙannenshi, da mutanen Kambarawa, da duk mai cin abinci da hannunshi a garin nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Malam, in suka tambaye ni lamba, ban da ita. Zan aje hularka a gabansu da allurarta, in faɗi hannuwan da ta bi da bakunan da ke jiranta. Sannan in ce masu abin da na fara ce maka: ranku ya daɗe, don Allah ku cire hulunanku. Kowa ya juya tashi ya duba, ya gaya mani wa ya ɗinka. Zakari ya ce da wannan maganar za a koro mu. Wataƙila. Amma kai da na ce maka, cirewa ka yi.

Ga Zakari can ya tada mashin yana ƙwala mani kira. Dole in tafi.