Tafin da Na Yi Mata

A shekarata ta biyu a gidan kula da tsofaffi na Silver Spring aka ba ni wata tsohuwa 'yar ƙasar Denmark. Mantuwa ta cinye mata Turanci, sai yarensu ya rage. Ɗanta ne ya ba ni labarinta. Uwarta tela ce a wani gidan wasan kwaikwayo a Copenhagen, ita kuma tsohuwar a ƙarƙashin teburin ɗinki ta girma, tana shekara tara ta fara hawa dandamali. Wasan da ya fito da ita, mutuwa take yi a ƙarshensa. Ta yi shekaru tana mutuwa ana tafa mata kafin aure ya kawo ta Amurka.

To, wannan mutuwar ce ba ta manta ba. Kullum bayan abincin rana sai ta dafe ƙirji, ta furta wasu kalmomi, ta sulale a kujera. Ranar farko na kwasa a guje ina ihu, na tara ma'aikata, ashe baiwar Allah leƙenmu take da ido ɗaya. Haushi ya turnuƙe ni. Na ce, "Mama, ki ji tsoron Allah! Tun daga Kaduna na zo ki mai da ni abokiyar wasa?" Ta ƙi tashi, sai da ɗanta ya ce a waya, "Ku tafa mata."

Daga nan tafi ya shiga cikin aikina. Likita kuwa ya ja mini kunne cewa zuciyarta ta gaji, da na ga alama in danna ƙararrawa, kada in ɓata ko minti ɗaya. Na ce to. Amma sabo turken wawa.

Wata ranar Talata sai ta dafe ƙirji ta sulale, ba ta furta kalmomin ba. Na lura, wallahi na lura. Na ajiye tire na hau tafi. Ba ta motsa ba, na ƙara ƙarfi, har da tsokana: "Yau kam kin ƙure, Mama, tashi ki sha yabo." Na yi ta tafi har hannuna ya yi zafi, ga ƙararrawa nan kusa da gwiwata.

Ba wanda ya tuhume ni. Ɗanta ya zo yana ta godiya, ya tambaya ko akwai wani a wurinta lokacin da ta cika. Na ce ina nan. Ya ce me nake yi. Na ce ina riƙe da hannunta.

Har yau a coci, in aka ce a tafa, sai in kife hannuwana a cinya.